M. G. Smith: Farfesan Jamaika da ya rubuta yadda Bahaushe ke riƙon ɗan wani

Duk matashin da ya ji kalmar tallafi a yau, man fetur ne zai fara zo masa a rai, ko buhun shinkafar da ake rabawa a harabar sakatariyar ƙaramar hukuma idan zaɓe ya ƙarato. A bakin kakanninmu kalmar tana da wata ma'ana da ta fi wannan nauyi. Ɗan tallafi shi ne yaron da aka ɗauke daga ɗakin uwarsa bayan yaye, aka miƙa wa kaka, ko gwaggo, ko wata 'yar'uwa da Allah bai ba haihuwa ba, ta raine shi har ta yi masa aure. A yankin Yawuri riƙo muka fi cewa, kuma da wuya mutum ya zaga unguwa guda a Shanga ko Ngaski bai tarar da ɗan riƙo ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara zama a tsanake suka rubuta yadda wannan al'ada take baƙo ne daga tsibirin Jamaika, Farfesa Michael Garfield Smith, wanda ɗaliban tarihi da na kimiyyar siyasa suka fi sani da M. G. Smith. Kada a haɗa shi da Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta ya kafa Gidan Arewa a Kaduna. Suna kawai suka haɗa. M. G. Smith ya yi fice ne da littattafansa a kan sarautar Zazzau da Daura da Kano, kuma yawancin masu ambatonsa a nan suke tsayawa. Amma a cikin aikin da ya yi tare da matarsa Mary akwai bayani a kan yadda yara ke sauya gida a ƙasar Hausa, bayanin da muke da buƙatarsa yanzu da ake sace yara a Arewa ana sayar da su da sunan reno.

Daga Kingston zuwa fagen fama

An haifi Smith a birnin Kingston ranar 18 ga Agusta, 1921, lokacin Jamaika tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Mafi yawan mutanen tsibirin jikokin bayi ne da aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma don noman rake, aka raba su da sunayensu da harsunansu da danginsu. Bauta ta ƙare a can a 1838, amma tabon da ta bari a tsarin iyali bai gushe ba. A irin wannan ƙasa tambayar wane ne uban yaro, wa ya raine shi, sunan wa yake ɗauka, tambaya ce ta yau da kullum.

Ya yi karatu a Kwalejin Jamaika, inda ya ƙulla abota da Michael Manley, wanda daga baya ya zama firaminista. Ta wannan abota ya shiga gidan Manley, inda mahaifiyar abokin nasa, Edna Manley, shahararriyar mai sassaƙa, ta zame masa kamar uwar ɗaki. Ita ta ƙarfafa masa gwiwa a kan rubuta waƙoƙi, kuma da waƙa aka fara sanin sunansa a Jamaika, tun kafin a san shi da bincike. Hazaƙarsa ta sa ya ci babbar kyautar karatu ta tsibirin, ya tafi Jami'ar McGill a Kanada. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse karatun. Ya shiga rundunar sojan Kanada, aka kai shi fagen fama a Turai.

Da yaƙi ya ƙare sai ya zauna a Landan ya koma makaranta, a Kwalejin Jami'a ta Landan. A nan ya haɗu da Farfesa Daryll Forde, masanin al'ummomi da al'adu wanda ya taɓa yin bincike a cikin Yakurr na yankin Kuros Riba. Forde ne ya juya hankalinsa zuwa Najeriya. A wannan tsakanin ya auri Mary, 'yar Ingila, wadda ta zame masa abokiyar aiki har ƙarshen rayuwarsa.

Zazzau, 1949

Ma'auratan sun iso Lardin Zazzau a 1949, zamanin Sarki Ja'afaru, da kuɗin wata majalisar bincike ta Ofishin Mulkin Mallaka. Wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba: gwamnatin Turawa ce ta biya kuɗin aikin, domin tana son sanin yadda talakawan da take karɓar haraji a hannunsu suke samu da kashewa. Smith ya koyi Hausa, ya bi ƙauyuka yana lissafin abin da magidanci ke nomawa, abin da yake sayarwa a kasuwa, yadda gandu yake haɗa uba da 'ya'yansa a gona ɗaya, da yadda sana'a ke bin gado. Ya kuma leƙa Kudancin Zazzau ya yi nazari a cikin Kagoro da Kadara. Da wannan aiki ya samu digirin digirgir a 1951, aka buga sakamakon a 1955 da sunan The Economy of Hausa Communities of Zaria.

Sai dai akwai ƙofar da ta gagare shi. Namiji baƙo iyakarsa zaure, alhali rabin rayuwar Bahaushe a bayan zaure take: haihuwa, suna, yaye, kishi, saki, da shawarar wanda za a bai wa yaro. Mai binciken da ya tsaya a zaure abin da maigida ya ga dama ya faɗa masa kawai zai ji. Mary ce ta shiga cikin gida.

Tsohuwar Giwa

A garin Giwa Mary ta haɗu da wata tsohuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo ta ƙasar Kano, wadda aka haifa wajen 1877. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 Baba ta riƙa zama tana ba da labarin rayuwarta, Mary tana rubutawa da Hausa yadda ya fito daga bakinta, daga baya ta fassara zuwa Turanci. Littafin, Baba of Karo, ya fito a Landan a 1954, da doguwar gabatarwa da bayanai daga alƙalamin M. G. Smith. Baba ba ta gan shi ba, domin ta rasu a 1951. Har yau yana cikin littattafan da jami'o'in duniya ke koyarwa a kan rayuwar matan Afirka.

Baba ta yi aure sau huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba. Duk da haka ba ta tsufa ita kaɗai ba, saboda dangi sun ba ta 'ya'ya ta raina. Mai karanta labarinta zai ga yara suna ta kai-komo tsakanin gidaje: wannan an bai wa kaka, wancan an bai wa gwaggo, wata ƙaramar yarinya an haɗa ta da amarya don ta ɗebe mata kewa a gidan miji. Ba kotu, ba takarda, amma kowa a garin ya san ɗan wane ne, kuma a hannun wa yake.

Akwai hanya ta biyu da yara ke sauya gida a cikin wannan labari, ita ce hari. Baba ta tashi a zamanin da mahara ke faɗa wa ƙauyuka su kama mata da yara, dangi su bi sawu da kuɗin fansa idan suna da shi. Gidansu Baba ma suna da rinji, wato ƙauyen bayi, kuma ta ga yadda da yawa daga cikin bayin suka watse bayan zuwan Turawa. Yaron da aka kama a hari shi ma a gidan wani yake tashi, a ci da shi, a yi masa sutura, wataƙila har a yi masa aure. Abin da ya raba shi da ɗan riƙo shi ne an yanke igiyar da ta haɗa shi da asalinsa. Ɗan riƙo ya san ƙofar gidan ubansa, yana zuwa yawon salla can. Wanda aka kama ba ya da wannan hanya.

Ƙa'idojin da ba a rubuta ba

Aikin Smith a gabatarwar littafin da sauran rubuce-rubucensa shi ne ya ɗauki abin da Baba ta faɗa a matsayin labari ya nuna tsarin da ke ƙarƙashinsa. Ya bayyana cewa zumuncin Bahaushe yana bin ɓangaren uwa da na uba duka, ko da yake na uba ya fi rinjaye a gado da sarauta. Saboda haka yaro yana da gidaje da yawa da ke da haƙƙi a kansa, shi ma yake da haƙƙi a kansu.

Ya kuma yi bayanin kunyar ɗan fari. Iyaye ba sa kiran sunan ɗansu na fari, ba sa wasa da shi a gaban mutane, ba sa nuna masa so a fili. Yaron da ke cikin wannan hali sau da yawa kakanni ne ke ɗaukarsa da zarar an yaye shi, wajen shekara biyu, kuma tsakanin kaka da jika wasa ne da sakewa. Ga kuma yawan mutuwar aure, wanda Smith ya lura da shi ƙwarai a Zazzau. Idan aure ya mutu, al'ada takan bar yaro a hannun dangin uba bayan yaye, ko da yake fiƙihun Malikiyya ya bai wa uwa da danginta fifiko a renon yaro. Wanda ya bi uwarsa gidan sabon miji shi ne agola, kuma harshen Hausa kansa ya nuna cewa matsayinsa ba ɗaya ba ne da na ɗan riƙo.

Nauyin mariƙi sananne ne: ci da sha, sutura, tarbiyya, koyar da sana'a ko kai wa makarantar allo, sannan auren fari, wanda shi ne cikar riƙo. Abin da mariƙi ba ya iya yi shi ne sauya wa yaro uba. Ɗan riƙo yana gadon mahaifinsa, ba ya gadon mariƙinsa sai ta hanyar kyauta ko wasiyya, wadda shari'a ta iyakance ga kashi ɗaya cikin uku na dukiya. A nan al'ada ta yi daidai da addini. Suratul Ahzab ta soke ɗabi'ar Larabawan jahiliyya ta mayar da ɗan wani ɗan cikinka, ta yi umarni a riƙa kiran yara da sunan ubanninsu, kuma a kan Zaidu ɗan Harisa aka fara zartar da hukuncin. Musulunci ya kwaɗaitar da ɗaukar nauyin maraya matuƙa, amma ya hana shafe nasabarsa.

Wannan shi ne babban bambanci da tsarin da dokokin Turai da Amurka suka ginu a kai a ƙarni na ashirin, inda kotu ke yanke alaƙar yaro da iyayen da suka haife shi, a ba shi sabon suna da sabuwar takardar haihuwa, a wasu wurare har a rufe tsohon fayil ɗin. A can ana sauya wa yaro iyaye ne. A ƙasar Hausa ƙara masa ake yi.

Komawa gida da yawon jami'o'i

A 1952 Smith ya koma Jamaika ya kama aiki a cibiyar binciken zamantakewa da tattalin arziki ta jami'ar yankin Karebiyan. Idon da ya waye a Zazzau da shi ya dubi mutanensa. Ya yi bincike a Jamaika da Girenada da ƙaramin tsibirin Carriacou, kuma a 1962 ya fitar da littattafai biyu a kan iyali, West Indian Family Structure da Kinship and Community in Carriacou. A can ma ya tarar da yara da yawa suna tashi a hannun kakanni da 'yan'uwan uwa, abin da jami'an mulkin mallaka ke ɗauka a matsayin lalacewar iyali. Smith ya ƙidaya gidaje ɗaya bayan ɗaya ya nuna cewa akwai tsari a cikin abin da ake kira hargitsi.

Ya dawo Najeriya a 1958 ya ci gaba da tattara tarihin sarautu a Daura, Katsina, Kano da Sakkwato, har ya ƙetara Maraɗi. A 1960, shekarar samun 'yancin kai, aka buga Government in Zazzau, inda ya kwatanta mulkin Zariya bayan jihadi da na zuriyar sarakunan da suka gudu suka kafa Abuja, garin da ake kira Suleja a yau, ya kuma bi diddigin yadda gidajen Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa suka riƙa karɓa-karɓa da takara a kan gadon sarauta. Ya koyar a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles daga 1961, ya koma Landan a 1969 ya gaji kujerar malaminsa Forde, sannan ya tafi Jami'ar Yale a 1978, shekarar da The Affairs of Daura ya fito. Ya yi ritaya a 1986.

Bai tsaya a aji kawai ba. Lokacin da Michael Manley ya hau mulki a 1972 da manufar gurguzun dimokuraɗiyya, ya jawo tsohon abokinsa ya zama mai ba shi shawara a kan al'amuran zamantakewa, kuma Jamaika ta ba shi lambar girmamawa ta Order of Merit. A zamanin wannan gwamnati ne, a 1976, aka yi dokar da ta daidaita matsayin yara a gaban shari'a ba tare da duba yanayin auren iyayensu ba, a ƙasar da yawancin haihuwa ke faruwa a wajen auren coci.

Inda Zariya ta ja da shi

Tunawa da malami ba ya nufin wanke shi. Smith ya shahara da ra'ayin cewa wasu ƙasashe tarin al'ummomi ne mabambanta da ba abin da ya haɗa su sai ƙarfin mai mulki, ra'ayin da ya ɗauko daga J. S. Furnivall ya faɗaɗa a littafinsa na 1965, The Plural Society in the British West Indies. Masana a Karebiyan irin su Lloyd Braithwaite sun ja da shi a kan haka. A Najeriya kuwa wanda ya fi kowa sukarsa shi ne Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya nuna cewa karanta tarihin ƙasar Hausa a matsayin gwagwarmaya tsakanin Haɓe da Fulani, kamar wasu jinsuna biyu da ba sa gauraya, ya ɓoye ainihin abubuwan da suka motsa tarihi: ƙasa, sana'a, kasuwanci, ƙaura da ajin mutum a cikin al'umma. Duk wanda ya ga yadda ake amfani da wannan rabe-rabe a dandalin sada zumunta a yau zai gane cewa gardamar ba ta tsufa ba.

Akwai kuma iyakar da matsayinsa ya gindaya masa. Yawancin tarihin sarautun da ya tattara daga bakin masu sarauta da na kusa da fada ya fito, a zamanin da Razdan da Di'o ke saman kowa. Abin lura shi ne aikin da ya fi tsira daga wannan suka shi ne wanda aka yi a cikin gida, a gaban tsohuwar da ba ta riƙe da sarautar komai. Hasali ma labarin Baba, wadda danginta ke danganta kansu da Barebari, yana cike da auratayya da ƙawance da riƙo da suka ratsa iyakokin da nazarin Smith ya zana.

Shekarar da ya rasu

Smith ya rasu a Ingila ranar 5 ga Janairu, 1993, yana da shekara 71. Babban littafinsa a kan Kano, Government in Kano, 1350-1950, sai a 1997 ya fito, shekarar da masanin tarihi Douglas Hall ya wallafa tarihin rayuwarsa. Kusan wata biyar bayan rasuwarsa, ranar 29 ga Mayu, 1993, aka ƙulla yarjejeniyar Hague a kan ɗaukar yara reno daga wata ƙasa zuwa wata, don toshe kasuwar jarirai da ta bunƙasa a bayan yaƙe-yaƙe da talauci. Najeriya ba ta cikin wannan yarjejeniya. Kafin nan, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a kan haƙƙin yara, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta a cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali.

Abubuwan da suka faru daga baya sun nuna abin da rashin fahimtar riƙo ke jawowa. A Oktoban 2007 hukumomin Chadi suka tare wata ƙungiyar Faransawa mai suna L'Arche de Zoé a garin Abeche, tana shirin tashi da yara 103 zuwa Faransa da sunan marayun Darfur ne. Bincike ya nuna yawancinsu 'yan Chadi ne, kuma suna da uwa ko uba ko dangi na kusa a raye. Iyaye da dama sun ba da 'ya'yansu ne bisa fahimtar za a sa su makaranta a cikin ƙasar. Ga mutumin da ya tashi a cikin al'adar riƙo, bai wa wani ɗanka ya yi karatu abu ne da aka saba, domin ɗan zai dawo. Wanda ya karɓa kuwa da wata ma'ana ya karɓa. Kotun Chadi ta yanke wa Faransawa shida hukuncin shekara takwas da aiki mai tsanani, Shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa a 2008.

A Nijar, a 2014, badaƙalar jariran da aka ce an sayo daga kudancin Najeriya ta bi ta Benin ta girgiza manyan Yamai, har ta kai ga shugaban majalisar dokoki na lokacin, marigayi Hama Amadou, wanda ya musanta zargin ya ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne, kotu kuma ta yanke masa shekara ɗaya a 2017. A Kano, a Oktoban 2019, 'yan sanda suka gabatar da yara tara da aka sace daga unguwannin birnin aka gano su a Onitsha ta Jihar Anambra, an sauya musu suna da addini, wasunsu Hausa ma ta kuɓuce musu. A 2021 babbar kotun jihar ta yanke wa jagoran masu satar hukuncin shekara 104. A shekarar ce kuma Birtaniya ta sanya takunkumi na musamman a kan ɗauko yara reno daga Najeriya, saboda rashin amincewa da takardun da ake gabatarwa da kuma alamun cinikin yara. Wanda ya karanta labarin Baba zai gane abin da aka yi wa yaran Kano, domin shi ne hari, sai dai mota ta maye gurbin doki.

A gaɓar Kainji

Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi babi a kan ɗaukar reno da kuma riƙo, dukkansu ta hanyar umarnin kotu, kuma sai kowace jiha ta mayar da ita dokarta kafin ta yi aiki a can. Amma riƙon da ake yi a Shanga, Yawuri da Ngaski ba ya bi ta kotu, kuma ba a taɓa tsammanin zai bi ba. Wannan yanki ya san abin da ke raba yaro da iyayensa. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta tashi mutane fiye da 40,000 daga tsibirai da garuruwan bakin kogi. A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da ɗari ya tarwatse kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. Ga kuma 'yan bindiga da ke mayar da mata zawarawa a ƙauyuka. Bayan kowace irin wannan musiba, idan jami'ai sun yi jaje sun koma Birnin Kebbi, kawu da gwaggo da kaka ne ke raba marayu a tsakaninsu. Mahaifiyata ma a hannun gwaggonta ta tashi a Yelwa, kuma har ta rasu gida biyu take kira gidanmu.

Ƙarfin wannan tsari a da shi ne idon jama'a. A Giwa ta zamanin Baba, mariƙiyar da ta yi wa yarinya riƙon sakainar kashi za ta ji a bakin mata a gidan suna, kuma uban yarinyar yana iya zuwa da ƙafa ya ɗauke 'yarsa. Yau dillaliya ce ke zuwa ƙauye ta kwashi 'yan mata da sunan za a riƙe su a Abuja ko Legas, su ƙare a matsayin 'yan aikin da wata ke karɓe albashinsu, a gidan da iyayensu ba su san ƙofarsa ba. Sunan riƙo ne, amma sharuɗɗan da Smith ya tarar, wato sanin asali, kusancin dangi, nauyin tarbiyya da aure, da damar komawa gida, duk sun zube a hanya.

Gyaran bai fi ƙarfin majalisar dokokin jiha da masarautar Yawuri ba. Ana iya ajiye rajista a hannun dagatai da hakimai, a rubuta sunan duk yaron da zai bar garinsu zuwa riƙo, sunan ubansa, sunan mariƙi da inda za a kai shi. Ana iya tabbatar da cewa kowane yaro ya samu takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da sunan mahaifinsa kafin ya sauya hannu. Kotunan shari'a na iya bai wa mariƙi takardar kafala da za ta amfane shi a asibiti da makaranta da ofishin fasfo, ba tare da ta mayar da shi uba ba, malamai kuma su tunatar da mariƙa ƙofar wasiyya, don kada ɗan da ya yi wa gida bauta shekara ashirin ya tashi hannu rabbana ranar rabon gado.

Littafin Baba of Karo yana ɗakunan karatu na jami'o'inmu, galibi a sashen da ɗaliban shari'a da masu tsara dokoki ba sa leƙawa. 'Yan majalisar dokoki a Birnin Kebbi ko Kano za su amfana da karanta gabatarwar da M. G. Smith ya rubuta masa, sannan su koma mazaɓunsu su tambayi tsofaffin matan da suka riƙi 'ya'yan wasu yadda abin yake a da, da inda ya lalace.